Neman shawara: saka fitila mai walƙiya a cikin hedilan da fitilar baya na motar ɗaukar marasa lafiya

Direban Ƙungiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar wayarin mota ina neman shawararku. Ƙungiyar cigaban garinmu ce ta haɗa kuɗi aka sayi Sharon 'yar Kwatano dan ɗaukar marasa lafiya, musamman mata masu naƙuda, aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa, ni kuma aka damƙa min makulli. Yawancin fitar da muke yi cikin dare ne, daga gari zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, in suka ce abin yafi ƙarfinsu sai mu miƙe Kano, Murtala ko asibitin Malam.

To damuwata biyu ce. Ta farko in muka shigo ta titin Haɗeja muka faɗa cunkoson Yankaba ba wanda ya san me muka ɗauko, kowa gani yake Sharon ɗin haya ce, kana danna ham mai adaidaita yana ɗaga maka hannu wai ka bi ta sama, alhali mace tana bayanka tana zubar da jini. Ta biyu kuma ita tafi tsorata ni, wani lokacin dole ka tsaya a gefen titi cikin duhu saboda haihuwar ta zo ko mara lafiya yana amai, kuma gefen titin ba faɗi, rabin motar tana kan kwalta, tirela ta wuce ka ji motar gabaɗaya ta girgiza. Hazad ɗin motar yana yi amma gsky ba shi da ƙarfi.

Naga ana saka wasu ƙananan fitilu masu walƙiya a cikin hedilan da cikin fitilar baya, ana huda gidan fitilar ta baya a cusa su, in a kashe suke ba ka ma sanin akwai su. Shin abin yana ɓata fitila? Ruwa baya shiga da damina? Yana shan batir? Wace kala ya kamata in saka? Sannan ya maganar hukuma take, dan bana son in ja wa ƙungiya magana. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Oga Rewaya:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka muku da alheri da wannan aiki, Allah ya sa a mizani. Aikina ne wannan, bari in maka bayani yadda zaka gane ko da ba kai zaka ɗaura ba, dan ka tsaya a kan wanda zai yi maka.

Iri biyu ne abin. Akwai tsohon yayi mai kwalba kamar filashin kyamara, shi yana zuwa da wani akwati da yake ɗaga wutar batir daga 12 ta koma ɗaruruwan bolt kafin ya tura wa kwalbar, wannan ka rabu da shi ko kyauta aka baka, yana zafi, yana sa ƙara a rediyo, kuma in wayarsa ta ɓare zai iya fizgar mutum. Sai na yanzu na LED, shi kai tsaye 12 yake ci kuma ɗan kansa bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Galibinsu ramin inci ɗaya suke buƙata, wato milimita 25, amma a duba takardar cikin kwalin kafin a taɓa komai dan akwai masu ƙaramin rami.

Babban abin da yake kashe fitila shine a huda ta tana jikin mota. Kar ka yarda. A kwance ta a sauke, a cire ƙwayayen, a riƙe ta yadda ramin zai kalli ƙasa lokacin huda dan garin robar ya zubo waje, saboda in ya faɗa ciki ya manne a madubin nan mai ƙyalli shikenan, kuma madubin ba a goge shi da tsumma, kana gogawa ƙyallin yana tashi. Sannan fitilu da yawa bango biyu ne da su, akwai baƙar robar waje akwai madubin a ciki, da ɗan fili tsakaninsu, to wanda bai sani ba sai ya huda ta waje kawai ya cusa ya ce ya gama, hasken duk ya maƙale a bayan madubi ba ya fita. Dole na waje ya fi faɗi dan kan fitilar ya samu ya shige ya zauna a jikin madubin. A kuma nesanta shi da ƙwan hedilan, ƙwan nan wat 55 ne kuma ka san zafin da yake yi, in suka matsu zai narkar da robar LED ɗin.

Maganar ruwa, eh yana shiga in aka yi aikin ganganci. A sa robar da tazo da shi sannan a zagaye da silikon, amma ba wannan mai warin tsami da ake liƙa gilashin taga da shi ba, tururinsa yana dusashe cikin fitila, a nemi marar wari. Kuma akwai 'yan ƙananan hanyoyin iska a bayan kowace fitila, wasu yaran shago suna gani sai su toshe wai kar ruwa ya shiga, alhali ta nan gumin ciki yake fita.

Waya kuma, a jawo sabon layi daga kan batir, fiyus ya zauna kusa da batir ɗin kamar taƙi ɗaya, ba can cikin dashbod ba, dan in wayar ta goge a jikin ƙarfe a hanya fiyus ɗin ne zai cece ka daga gobara. Guda huɗu fiyus mai lamba 5 ya ishe su. Kar a ɗebi wuta daga wayar birki ko ta tirafiketa ko ta hedilan, ko kaɗan. A bi da wayar ta cikin robar da sauran wayoyi suke shiga cikin mota, kar a matse ta a bakin ƙofa. Baƙar wayar a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Zaka ga ƙarin waya ɗaya ko biyu a jikin kowanne, ɗaya ta canza salon walƙiya ce ɗaya kuma ta haɗa su ce su riƙa yi tare ko suna karɓa-karɓa, in ba a haɗa ta ba kowanne zai riƙa yin nasa. Duk mahaɗa a yi mata dalma, salatif kaɗai zafin Afrilu zai warware shi.

Batir kam kar ka damu, guda huɗun duka ba su kai cin ƙwan hedilan ɗaya ba.

Ɗan Fanteka:

Slm. Oga Rewaya ya yi bayani mai kyau wlh, ba abin da zan cire a maganar waya. Amma ni da nake sayar da fitilun mota anan Kaduna ban goyi bayan huda hedilan ba sam, kuma zan faɗi dalili duk da in an ɓata ni ake kawo wa ciniki.

Na ɗaya, hedilan ɗin Sharon na asali 'yan Beljiyam sun yi wuya yanzu kuma sun yi tsada, in ka ɓata naka abin da zaka samu a kasuwa mafi yawa sabo ne na kwali wanda madubinsa baya tara haske waje ɗaya, ka kunna ful layit amma baka ganin rami sai ka faɗa, kuma kai mai tafiyar dare ne da mara lafiya, hasken ganin hanyarka yafi maka komai. Na biyu kuma shine wanda masu sakawa basa faɗa wa mutane, da daddare in hedilan yana kunne haskensa yana shanye ɗan LED ɗin da ke cikin gida ɗaya da shi, wanda yake tahowa ba abin da zai gani sai hedilan, da rana kuma in ba mai tsada bane rana ce take shanye shi. To ka ga an huda fitila a banza kenan.

Ni shawarata a gaba ka sayi irin waɗanda ake ɗaurawa a waje, siraran nan masu tsawon ɗan yatsa ko fiye, a ɗaura biyu a ragar gaban mota nesa da hedilan, sukurori biyu ne kowanne, an yi su dama dan ruwa da ƙura, in ɗaya ya mutu ka kwance ka jefar ka sa wani. In ƙungiya tana da hali kuma a sa ta saman rufi, ita ce ake hangowa ta kan motocin da ke gabanka a cunkoso. Fitilar da ke daidai gwiwar mutum direban da ke mota ta uku a gabanka ina zai ganta?

Kuma kar wani ya ruɗe ka da ɗan akwatin nan da ake haɗawa ya riƙa kunna ful layit ɗin dama da na hagu bi da bi. Yana kashe idon mai tahowa da dare, yana cinye ƙwai da wuri, a motocin zamani masu birenbos, wato na'urar da ke sarrafa aikin mota, kuma yana jawo matsalar da sai an sa kwamfuta.

A baya ne na yarda a huda, dan fitilar baya ta fi araha kuma bata da zafi sosai.

Direban Ƙungiya:

Madalla, Allah ya ƙara basira oga, kai ma Ɗan Fanteka nagode sosai, wlh maganar shanye haske ban taɓa kawo ta a raina ba. To a bayan wane gida za a huda, na birki ko na tirafiketa ko na ribas? Dan tawa fitilar bayan kashi biyu ce, rabi a jikin mota rabi a jikin murfin but. Kuma har yanzu ina jiran mai ba ni haske akan kala da maganar hukuma.

Baban Tasha:

Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Ni na tsufa a kan titi, daga Legas zuwa Maiduguri ba inda ban kai kaya ba, yanzu ina zaune a ofishin tasha, to bari in amsa maka ta ɓangaren hukuma tunda kullum muna tare da su.

Dokar hanya ta ƙasa ta 2012 wadda 'yan Rod Sefti suke aiki da ita ta hana kowa sa jiniya da fitila mai walƙiya ko mai juyawa, in banda waɗanda ta lissafa, shugaban ƙasa da mataimakinsa, shugabannin majalisar tarayya, alƙalin alƙalai, gwamnoni da mataimakansu, sai kuma jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana da motar asibiti lokacin da suke kan aikin gaggawa. Ka ga ku kuna da ƙofar shiga tunda marasa lafiya kuke ɗauka, amma fa a ido da takarda motarku har yanzu Sharon ce kamar ta kowa. Jami'in da ya tsare ka ƙarfe biyun dare kana dawowa ba kowa a ciki, da me zai gane? Kuma bai yi laifi ba in ya tsananta, dan ɓata gari sun sha amfani da irin waɗannan fitilu suna shigar jami'ai suna tare mutane, shi ya sa ma ɓoyayyiyar fitilar nan da ba a ganinta sai an kunna ta fi jawo zargi akan wadda take a fili.

Saboda haka kafin ku kashe ko sisi a kan fitila, shugaban ƙungiyarku ya rubuta takarda, ku kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma su san da motar su baku shaida a rubuce, ku je ofishin Rod Sefti mafi kusa da na bi'ayo, wato jami'an duba lafiyar motoci (VIO), ku gaya musu ga abin da kuke so ku saka ku ji ta bakinsu, ku gaida DPO shima ya san motar. A rubuta sunan ƙungiya da cewa motar marasa lafiya ce ɓaro-ɓaro a gefe da gefe da baya, da Hausa da Turanci, a gaba kuma a rubuta a juye dan na gabanka ya karanta ta madubi. Kwafin takardun su zauna a cikin mota kullum.

Kala kuwa ka nisanci shuɗi da ja a gaba, wannan kowa ya gani jami'an tsaro yake kawowa a ransa. Ruwan ɗorawa irin na tirafiketa shine na gargaɗi, shi motocin janwe da masu aikin titi suke sawa. Kuma a lokacin hazon hunturu farin haske dawo maka yake yi a ido, ruwan ɗorawa ya fi daɗin gani.

Batun tsayawa a gefen titi, ka ji daga bakin wanda ya tuƙa tirela, mu daga sama abin da yake fara nuna mana mota a tsaye shine tef ɗin nan ja da fari mai ƙyalli, tun daga nesa fitilarmu take kamo shi kuma shi baya buƙatar batir. Ka liƙa shi a bamba da gefen mota. Alamar nan mai kusurwa uku kuma a kai ta can baya sosai, ba a jingina ta a jikin bamba ba yadda ake yi, babbar mota mai lodi tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya. Ka ajiye lambar 122 ta Rod Sefti da 112 a wayarka.

Anti Nas:

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo maganar maza, ni ban san waya ba amma ɗakin haihuwa nake aiki kuma irin motocinku ne suke kawo mana mata cikin dare, to abin ya shafe ni.

Ƙanina abin da nake ji maka tsoro shine ranar da aka ɗaura fitilar nan ƙafarka ta ƙara nauyi a kan totur. Na sha karɓar macen da tafiyar ta wahalar da ita ƙari a kan ciwon da ya kawo ta, an yi ta buga ta a ramuka tana kwance a katifa ba abin da ya riƙe ta, mai rakiya ita ma ta bugu a ƙarfen kujera ta iso da goshi a kumbure. Mintunan da gudu zai rage maka kaɗan ne, jinkirin da yake cutar da matanmu tun a gida ake yinsa, ana jiran maigida ya dawo ya bada izini, ana jiƙe-jiƙe, ana neman kuɗin mai. In lambarka tana hannun ungozoma da mai unguwa da limami, kuma tankinka baya zama ba mai, wlh ka ceci rayuka fiye da abin da kowace fitila zata yi. Ka kuma karɓi lambar ɗakin haihuwar asibitin da kuke zuwa ka riƙa kira tun kuna hanya, a ce mana ga mai zubar jini nan tafe, mu tanadi ruwa da allura mu fara neman jini, kuma ku taho da 'yan uwan da za su iya bayarwa.

Sai abu ɗaya da nake roƙo ga masu ɗaurawa, dan Allah kar hasken ya riƙa dawowa cikin motar. Akwai wadda ake manna wa a gilashi ta ciki, walƙiyarta tana cika motar gabaɗaya. Mace mai jijjigar ciki ana so a rage mata hayaniya da haske ne, haka mai farfaɗiya walƙiya mai sauri tana iya tayar wa wasunsu da ciwon. Ku zaɓi salon da yake yi a hankali. Maimakon haka a sa mana farar fitila tsayayya mai kyau a rufin ciki ta baya, dan in haihuwa ta zo a hanya mai taimakon ta ga abin da take yi, ba a riƙe mata tocilan ɗin waya ana rawar hannu ba. A ajiye safar hannu da leda da zannuwa masu tsafta a cikin wata jaka da ba a taɓawa sai ranar.

Kuma kuna isowa ƙofar asibiti a kashe komai, akwai marasa lafiya suna barci.

Oga Rewaya:

Baba mun gode, Anti Allah ya biya ki, maganar fitilar rufi gaskiya ce kuma aikin minti kaɗan ne, a ba ta nata makunnin daban kusa da ƙofar baya.

Ɗan uwa amsar tambayarka, na yarda da Ɗan Fanteka a bar hedilan, a sa na ragar gaba. A baya kuma kar a taɓa gidan birki, saboda na bayanka yana buƙatar ya bambance ka taka birki ne ko walƙiya ce kawai, in suka cakuɗe a gida ɗaya zai iya shigo maka. Gidan ribas shine mafi kyau in gilashinsa fari ne, kowace kala ka sa zata fito yadda take, to sai a sa ruwan ɗorawa a ciki. In ka sa farin LED a bayan jan gilashi hasken mutuwa yake yi ya fito dishi-dishi, kowane gilashi mai kala kalarsa ake sa masa.

Amma ka duba taka da kyau, in gidan ribas ɗin a jikin murfin but yake to akwai matsala, dan lokacin da ka fi buƙatar hasken shine ka tsaya ka ɗaga but ana kula da mara lafiya, a lokacin kuma fitilar tana kallon sama. In haka ne a bar hudar gabaɗaya, a ɗaura na waje guda biyu a kusurwoyin bamba, a ƙara wasu biyu a leɓen murfin ta ciki yadda in an ɗaga shi za su kalli baya daga sama, su kuma a basu makunni nasu dan kar su kama murfi yana rufe su haske cikin mota. Na gaba da na baya ma a raba musu makunni, in kana tsaye na baya kaɗai kake buƙata tare da hazad. Shi hazad ɗin da kace ba ƙarfi a buɗe a duba, yawanci ƙwan ne ya yi baƙi ko soket ya yi tsatsa ko ƙura ta cika gilashin. In zaka shigo kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayayya ka sa mai shago ya gwada maka kowanne a kan batir a waje cikin rana, ka ja baya kamar taku talatin ka kalla kafin ka biya, kuma ka fara kammala takardun da Baba ya faɗa tukuna.